Ba Duk Yoyon Hanci Ne Mura Ba: Yadda Likitoci Ke Gano Ɗigar Ruwan Ƙwaƙwalwa

Idan hunturu ya kankama, zubar hanci ba labari ba ce. Ƙura ta turnuƙe gari, kowa da hankicinsa, masu kemis sai cinikin maganin mura suke yi. Amma a cikin masu share hancin akwai 'yan ƙalilan da abin da ke zubo musu ba majina ba ce. Ruwa ne tsinkakke, garai-garai, ba kauri ba yauƙi, kuma galibi ta kafar hanci ɗaya yake fita. Babu atishawa, babu ƙaiƙayin ido. Mutum ya sunkuya zai ɗaura igiyar takalmi, ko ya yi ruku'u a salla, sai ya ga ɗigo ɗis-ɗis a gabansa. In ruwan ya gangara ta maƙogwaro sai ya ji gishiri-gishiri, wasu kuma ɗanɗanon ƙarfe suke ji. Wannan ruwa daga cikin ƙoƙon kai yake fitowa.

Ƙwaƙwalwa da lakar da ta gangara cikin ƙashin baya a cikin ruwa suke zaune. Tantani uku ne suka lulluɓe su, na can waje shi ne mai kauri da ƙwari, wanda likitoci ke kira dura, kuma shi ne babban shingen da ke hana ruwan fita. Baligi yana ɗauke da kimanin mililita 150 na wannan ruwa a kowane lokaci, amma jiki ba ya daina sarrafa sabo yana shanye tsohon, har yakan samar da kusan mililita 500 a yini, wato kwatankwacin leda guda ta fiya wata. Ƙwaƙwalwar da nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, saboda tana yawo a cikin ruwan nan, nauyin da take ɗora wa gindin ƙoƙon kai bai wuce giram 50 ba. Ruwan yana kare ta daga girgiza, yana kuma kwashe dattin da take fitarwa.

Galen, shahararren likitan nan Bagirke da ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2, ya ɗauka cewa majina dattin ƙwaƙwalwa ce da ke tsatsafowa ta hanci. An zauna a kan wannan fahimta har wajen 1660, lokacin da wani likita Bajamushe, Conrad Victor Schneider, ya nuna cewa fatar cikin hanci ce ke samar da majina, kuma a lafiyayyen mutum babu wata hanya a buɗe tsakanin ƙwaƙwalwa da hanci. Saboda haka in aka ga ruwan ƙwaƙwalwa ya fito, to wani wuri ya ɓule.

Mafi yawan ɓulewar daga buguwar kai take. Rufin hanci, wato ƙashin da ya raba kogon hanci da ƙwaƙwalwa, siriri ne ƙwarai, kuma cike yake da ƙananan huji da jijiyoyin jin ƙamshi ke bi. Tantanin dura ya manne masa sosai, don haka da ƙashin ya tsage sai tantanin ya yage tare da shi. Haka abin yake a ƙashin da ke kewaye da kunne. Duk wanda ya san yadda ake hawa babur a garuruwanmu, mutum uku a kan sirdi ɗaya kuma babu mai hular kwano, ya san cewa wannan rauni ba na ƙasashen nesa ba ne. Akwai kuma yoyon da ke biyo bayan tiyatar hanci ko ta ƙwaƙwalwa. Sai wanda ke zuwa ba faɗuwa ba haɗari, wanda aka fi gani a mata masu ƙiba da suka fara manyanta: ruwan ne ke yin yawa a cikin kai, ya yi ta danna siririn ƙashin nan shekara da shekaru har ya cinye shi.

Asarar ruwan ba ita ce babbar damuwa ba. Ƙofar da ruwa ya bi ya fita, ita ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanci za su bi su shiga, kuma sakamakon shi ne sanƙarau. Ƙwayar da ta fi haddasa shi a irin wannan hali ita ce wadda ke kawo ciwon huhu na nimoniya, ba irin wadda ke tayar da annoba lokacin zafi ba. A nan ne mutanen yankinmu ke da wani haɗari na musamman. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin da sanƙarau ke zagayowa kusan duk shekara, saboda haka idan mutum ya kamu, sai a ɗora laifin a kan yanayi. Amma wanda sanƙarau ya kama sau biyu ko uku, musamman in ya taɓa faɗuwa ko yin haɗari ko da shekaru goma baya, ya kamata a nemi ɓula a gindin kansa. Haka ma yaron da ba ya ji da kunne ɗaya tun haihuwa kuma sanƙarau na yawan dawo masa.

Abin da ido da kunne ke iya ganowa

Aikin likita a nan tambayoyi biyu ne, kuma ba a tsallake ta farko a faɗa ta biyu. Shin wannan ruwan ƙwaƙwalwa ne? In shi ne, ta ina yake fita?

Amsar tana farawa da hira. Yaushe ruwan ya fara? Ta kafa ɗaya ko biyu? Yana ƙaruwa in an sunkuya, an yi tari, ko an yi yunƙuri a bayi? Ana tashi da safe a tarar matashin kai ya jiƙe? Har yanzu kana jin ƙamshin abinci? Tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin tsagewar rufin hanci takan tsinke jijiyoyin jin ƙamshi. Yawancin yoyon da haɗari ya jawo yakan bayyana cikin kwana biyu na farko, amma wani sai bayan makonni ko watanni, lokacin da kumburi ya saɓe kuma gudan jinin da ya toshe wurin ya narke.

Daga nan likita zai sa mara lafiya ya kwanta na ɗan lokaci, sannan ya tashi zaune ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Ruwan da ya taru a kogunan ƙashin fuska yakan zubo a lokaci ɗaya. Ga wanda aka kawo daga wurin haɗari kuwa, akwai alamun da ake dubawa: baƙin zobe kewaye da idanu biyu ko da ba a bugi idon ba, jini kwance a bayan dodon kunne, da tabon taruwar jini a ƙashin bayan kunne, wanda ake jingina wa likitan tiyata ɗan Ingila William Henry Battle, kuma ba ya fitowa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wani abin mamaki shi ne, tsagewar na iya kasancewa a kunne amma ruwan ya fito ta hanci. In dodon kunne bai fashe ba, ruwan ba shi da mafita, sai ya bi 'yar hanyar da ta haɗa kunne da bayan hanci.

Akwai tsofaffin gwaje-gwaje uku da ba sa cin ko kwabo, kuma har yau ana koyar da su. Na farko na hankici ne: majina in ta bushe takan sa ƙyalle ya yi tauri, ruwan ƙwaƙwalwa kuwa yakan bushe ya bar ƙyallen da laushinsa. Na biyu ana yin sa ne in ruwan ya gauraya da jini. A ɗiga shi a kan farin ƙyalle ko takardar tacewa, sai jinin ya tsaya a tsakiya, ruwan ya zarce ya yi wani zobe mai haske a kewaye. Ma'aikatan jinya da yawa sun fara zargin yoyo ne daga ganin irin wannan zobe a kan zanen gado. Sai dai a 1993 wasu likitoci biyu a Amurka, Dula da Fales, sun gauraya jini da ruwan famfo, da ruwan gishiri, da ruwan hanci na yau da kullum, kuma kowanne ya ba da zoben. Ganin zobe dalili ne na buɗe ido, amma ba hujja ba ne.

Na uku shi ne awon suga. Ruwan ƙwaƙwalwa na ɗauke da suga kimanin kashi biyu cikin uku na wanda ke cikin jini, ita kuwa majinar mai lafiya kusan babu suga a cikinta. Saboda haka aka daɗe ana tsoma 'yar takardar awon suga a cikin ruwan hanci. Gwajin yana yaudara ta fuska biyu. Mai ciwon suga, ko mai mura, ko wanda hawaye ko ɗan jini ya shiga cikin samfurinsa, takardar za ta nuna suga alhali babu yoyo. Wanda kuma sanƙarau ya riga ya kama, sugan ruwansa ya faɗi ƙasa, takardar na iya cewa lafiya lau a daidai lokacin da ya fi kowa shiga haɗari. Manyan asibitocin duniya sun yi watsi da shi. A inda babu wani abu sai shi, ya kamata a ɗauke shi a matsayin alama ɗaya cikin alamu, kada ya zama shi ne zai sa a sallami mutum.

Hukuncin ɗakin gwaje-gwaje

Sauyin gaske ya zo a 1979, lokacin da masu bincike a ƙasar Finland suka nuna cewa ana iya gane ruwan ƙwaƙwalwa ta wani furotin da ake kira beta-2 tiransfarin. Tiransfarin shi ne furotin da ke dakon sinadarin ƙarfe a cikin jini. A cikin ruwan ƙwaƙwalwa akwai wani nau'insa da ya rasa wasu 'yan rassa na suga da ke jikin na jini, kuma wannan nau'in ba a samun sa a majina, ko hawaye, ko yawu. Ban da ruwan ƙwaƙwalwa, sai a ruwan can cikin kunne da na cikin ƙwayar ido kawai. A ɗakin gwaji ana shimfiɗa samfurin a kan wani faranti mai danƙo, a saki wutar lantarki, furotin ɗin su rarrabu gwargwadon saurin tafiyarsu. Jini yakan bar layi ɗaya, ruwan ƙwaƙwalwa ya bar biyu. Wannan layi na biyu shi ne shaidar, kuma dacewar gwajin ta haura kashi 90 cikin 100.

Shi ma yana da inda yake tuntuɓe. Masu tsohon ciwon hanta, da waɗanda suka daɗe suna shan giya, da masu wata cutar gado da ba ta da yawa, jininsu na iya ɗaukar irin wannan furotin. Shi ya sa ɗakin gwajin da ya san aikinsa yakan nemi a haɗo da jinin mara lafiyar don a kwatanta. Babbar matsalarsa kuwa ita ce jira. Ko a Amurka da Turai ba kowane asibiti ke yin sa ba, sai an aika samfur zuwa wani babban ɗakin gwaji, sakamako ya ɗauki kwanaki.

Akwai furotin na biyu, beta-tires, wanda aka fi amfani da shi a Turai. Shi ana samun sa a jini, amma yawansa a ruwan ƙwaƙwalwa ya ninka na jini kusan sau 30, don haka adadinsa ake aunawa. Na'ura ce ke yin aikin, ya fi araha, kuma ana samun amsa cikin ƙasa da awa ɗaya. Ba a dogara da shi ga mai ciwon ƙoda, domin yakan taru a jininsa, haka kuma sanƙarau yakan rage shi a cikin ruwan.

Duk wannan fasaha ba ta da amfani in babu samfur, kuma yoyo abu ne mai ɓuya: ya zuba yau, gobe ya ɗauke, musamman ranar da aka je ganin likita. Don haka ake ba mara lafiya 'yar kwalba mai tsafta daga asibiti ya tafi da ita gida. Duk lokacin da ruwan ya zo sai ya sunkuya ya bar shi ya ɗiga a ciki, ba tare da ya fyace ba, ya rufe ya ajiye a firji in akwai. Rabin mililita ma ya isa, kuma furotin ɗin yana jure 'yan kwanaki bai lalace ba.

Neman bakin ɓular

Da an tabbatar da ruwan, sai a koma ga hoto. Na'urar CT ce kan gaba, domin ita ke nuna ƙashi. Ba irin hoton kai da aka saba yi wa mai shanyewar ɓarin jiki ake buƙata ba. Ana so a yanka hoton siri-siri, milimita ɗaya ko ƙasa da haka, daga goshi har bayan kunne, domin tsagewar na iya zama ƙarama ainun. Wannan bayani yana da kyau likita ya rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar neman hoto, don kada iyali su biya kuɗi mai yawa a dawo da hoton da bai amsa tambayar ba.

CT na nuna inda ƙashi ya tsage, amma ba ta nuna ko ta nan ne ruwan ke bi, kuma wanda ya yi mummunan haɗari na iya samun tsagewa uku ko huɗu. A nan MRI ke shigowa. Akwai salon ɗaukarta da ke sa ruwa ya fito fari fat, har a ga zirinsa ya taso daga cikin kai ya faɗa kogon hanci. Ita ce kuma ke nuna ko wani ɓangare na ƙwaƙwalwa ya leƙo ta ɓular, abin da dole mai tiyata ya sani kafin ya sa hannu.

In waɗannan biyu sun kasa, sai a shigar da wani abu cikin ruwan kansa ta allurar baya. Ana iya sa sinadarin da ke haske a hoton CT, a karkata mara lafiya kansa ya yi ƙasa don sinadarin ya gangara, sannan a ɗauki hoto. Ana iya sa ɗan sinadari mai fitar da tururin nukiliya kaɗan, a cusa ƙananan auduga a sassa daban-daban na hanci, bayan awanni a ciro su a auna wacce ta sha. Sai kuma rinin fulorasin, wanda aka fi yi a ɗakin tiyata: ana zuba ɗan kaɗan a hankali, likita ya zura madubi mai fitila ta hanci, ya ga ruwa kore shar yana tsatsafowa daga daidai wurin. Ana kiyaye adadinsa sosai, domin in ya yi yawa yana iya jawo farfaɗiya. Dukkansu ukun ba sa nuna komai in yoyon ya ɗauke a ranar.

Yoyon da ba a gani

Akwai wani nau'in da ba ya jiƙa hankici ko matashi, domin a ƙashin baya ɓular take, ruwan kuma cikin jiki yake tsiyaya. Alamarsa ciwon kai ne mai hali na daban: in an tashi zaune ko tsaye sai ya taso, galibi ta ƙeya, in an kwanta sai ya lafa. Ruwan ya ragu, ƙwaƙwalwa ta zazzago ƙasa tana jan jijiyoyi da tantanin da ke riƙe da ita. Sau da yawa yakan zo da riƙewar wuya, tashin zuciya, ƙarar kunne, toshewar ji, ko gani biyu-biyu.

Wanda ya fara bayyana wannan ciwo dalla-dalla a jikinsa ya ji shi. A watan Agusta na 1898, a garin Kiel na Jamus, likitan tiyata August Bier yana gwajin kashe zafi ta allurar baya, sai ya sa mataimakinsa August Hildebrandt ya yi masa. Sirinjin bai dace da bakin allurar ba, ruwa mai yawa ya zube. Bier ya yi kwana tara a kwance, kuma ya lura cewa ciwon na ɓacewa in ya miƙe a gado, ya dawo da zarar ya tashi. Ya danganta abin da asarar ruwan, kuma ya yi daidai.

Matan da aka yi wa tiyatar haihuwa da allurar baya sun san wannan ciwo. Yakan zo cikin kwana biyar da yin allurar, kuma yawanci yakan tafi da kansa cikin mako biyu. Ba ya buƙatar hoto, labarin mai jego ya isa. Abin da ba a yafewa shi ne a ce mata "ai na allura ne" ba tare da an auna jininta da zafin jikinta ba, domin hawan jini mai kaiwa ga jijjiga, da daskarewar jini a jijiyoyin kai, su ma da ciwon kai suke sallama bayan haihuwa.

Tiyatar baya ma na iya barin ɓula. Steve Kerr, kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta Golden State Warriors a Amurka, an yi masa aikin baya a 2015, tantanin ya sami rauni, ciwon kai ya hana shi jagorantar wasanni 43 na farkon kakar. Jarumin fim George Clooney kuwa buguwa ya yi wajen ɗaukar fim ɗin Syriana, wanda ya fito a 2005, kuma sai da ya zaga likitoci kafin a gane abin da ke damunsa. In masu irin wannan hali da gata sun sha wuya kafin a gano, ana iya tunanin halin matar da za a yi ta ba wa maganin maleriya da taifot wata da watanni, ba wanda ya tambaye ta ko kwanciya na sauƙaƙa mata.

Mafi wuyar ganewa shi ne wanda ke zuwa haka kawai, wanda aka ƙiyasta yana samun mutum 5 cikin 100,000 a shekara. Gwajin farko shi ne MRI na kai tare da allurar sinadarin gadoliniyam. Ana duba ko tantanin dura ya yi kauri ya yi haske ko'ina, alamar da Bahram Mokri da abokan aikinsa na asibitin Mayo suka bayyana a farkon shekarun 1990. Ana duba ko jijiyoyin jini sun kumbura, ko ruwa ko jini ya taru a ƙarƙashin tantanin, ko ƙwaƙwalwar ta zazzago. A 2019 likitocin birnin Bern na Suwizalan suka tsara waɗannan alamu suka ba kowacce maki. Duk da haka, kusan mutum ɗaya cikin biyar masu yoyon hotonsu kan fito ba wata alama. A da ana dogara da auna ƙarfin ruwan ta allurar baya, amma an gano cewa a marasa lafiya da yawa awon kan fito daidai, ga shi kuma allurar kanta sabuwar ɓula ce.

Gano wurin a ƙashin baya aikin haƙuri ne. Wani lokaci ɗan tsinin ƙashi ne ya yaga tantanin ta gaba, wani lokaci wata 'yar jaka ce ta fashe a inda jijiya ke fita. A 2014 Wouter Schievink da abokan aikinsa a asibitin Cedars-Sinai da ke Los Angeles suka bayyana nau'i na uku, inda ruwan ke zarcewa kai tsaye cikin jijiyar jini, ba ya taruwa a ko'ina balle MRI ta gan shi. Ana kama shi ne in an kwantar da mutum ta gefe, aka zuba sinadari, aka yi ta ɗaukar hoto a jere cikin daƙiƙoƙi. Marasa lafiya da dama da aka taɓa ce musu ba su da komai, da wannan hanya aka gano nasu.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne akwai magani. Yawancin yoyon da haɗari ya jawo yakan toshe da kansa cikin mako guda zuwa kwana goma, in aka kwantar da mutum aka ɗaga kansa. Wanda ya ƙi, ana liƙe shi. Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins ya yi nasarar yin haka a 1926 ta hanyar buɗe ƙoƙon kai, yau kuwa galibi ta hanci ake bi da madubi. Na ƙashin baya ana ɗebo jinin mutum daga hannunsa a zuba a wajen tantanin ya daskare ya toshe wurin, dabarar da James Gormley ya fara bayyanawa a 1960.

Kafin a kai ga asibitin koyarwa ko wani babban asibiti mai likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, akwai abin da ke hannun iyali. Kada mara lafiya ya fyace hanci, domin iska da ƙwayoyin cuta yake turawa ciki. Kada a cusa auduga ko tsumma a hanci ko kunne, kada a ɗiga mai ko wani magani, kada a yi shaƙe. A rufe kunnen daga waje da ƙyalle mai tsafta, a ɗaga kansa da matashi. Ma'aikacin lafiya kuma ba ya zura robar ciyarwa ta hancin wanda ake zargin gindin kansa ya tsage, ta baki ake bi. In zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko ruɗewa suka shigo, a kai shi asibiti a daren, kuma a gaya wa likitan farko da aka gani labarin ruwan da na tsohon haɗarin tun kafin ya tambaya.